Hoton da ke Katin Mama

Shekara uku ke nan ina shaida sa hannun mutane: in dubi kati, in dubi fuska, in buga hatimi. Amma ranar da Mama ta zo ofishinmu na lauyoyi, doka ta ɗaure mini hannu, domin ba a yarda ɗa ya shaida wa mahaifiyarsa ba. Ni da na san fuskarta tun kafin in san tawa, aka ba ni kujera a jikin bango.

Mantuwa ta fara cin ta. Tana so ta sa hannu a takardar da za ta ba yayata ikon yanke shawara kan jinyarta, tun tana gane kanta. Idan babban lauyanmu ya ga ba ta fahimci abin da take yi ba, ba zai buga hatimi ba, sai dai kotu ta zaɓa mata wakili.

Fanka tana juyawa a hankali. Hasken hantsi ya kwanta a kan rajista, na ji kamar dukanmu a ƙarƙashin ruwa muke zaune.

Lauyan ya ɗaga katin shaidarta. "Mama, wace ce wannan?"

Ta karɓa, ta daɗe tana kallo, tana shafa hoton da yatsa.

"Kai, yarinyar nan kyakkyawa ce," ta ce.

Bakina ya buɗe da kansa. Lauyan ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba. Na haɗiye maganar. A cikin shirun nan na hango ta tsaye a ƙofar makarantarmu ta firamare, riƙe da lema, tana nemana cikin ɗaruruwan yara masu kaya iri ɗaya. Ba ta taɓa kuskure ni ba.

"Ni ce mana," ta ce, ta nuna ni da haɓa, "kafin wancan mai ɗaure fuskar ya tsofar da ni."

Lauyan ya murmusa. "To, me takardar nan ta ƙunsa?"

"Ranar da na ɓace wa kaina, babbar 'yata za ta yi magana da likita a madadina. Auta kuwa kuka zai tsaya yi."

Ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi. Hatimin ya sauka. Ta miƙo mini biron.

"Ungo, Auta. Share idonka, mutane na kallo."