Fitilar da Badaru Ya Kawo

Ni Asibi, da hannuna biyu na karɓi fitilar nan, har na shi wa wanda ya kawo ta albarka. Duk lokacin da na tuna albarkar da na shi wa Badaru a ranar, sai in ji kamar in ciji harshena ya guntule.

Naja'atu 'yar ƙanena ce, ni na goya ta bayan uwarta ta rasu. Mijinta Mahbub direban motar tumatir ne, daga nan zuwa kudu. Wata biyar ya yi yana jinya a gidansa da ke Garo, ya rame har agogo na zamewa daga hannunsa, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Zinnira, mai shekara huɗu. Ranar da aka kai shi makwanci na ɗauro ƙunshina daga Madadi na zo taya ta zaman takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita ba kwalliya.

Shekarar ce komai ya yi tsada har mutane suka daina tambayar farashi. Kwalbar kananzir ta gagari talaka. Wutar lantarki kuwa a Garo sai dai ka ga igiya a sama tsuntsaye na hutawa a kanta. Wayar Naja'atu ma sai an kai ta kasuwa wurin masu janareto ta wuni ana yi mata caji.

Ranar sadakar bakwai Badaru ya zo da kwali a hammata. Ƙanen Mahbub ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana da shagon kayan waya a Kabo, can suke zaune da uwarsu Hajiya Marka. Mutum ne mai sanyin murya, in zai gaishe ka sai gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki ya miƙo min kwalin.

"Gwaggo, ga fitila ku riƙa gani. Rana take ci, ba ruwanta da kananzir. Ga wurin cajin waya nan a gefenta. Kada matar Yaya ta ƙara aika wayarta kasuwa, yanzu mutane ba amana, sai su buɗe su kwashe abin da ke ciki."

Da kansa ya hau katanga ya ɗora faifan da ke zuƙo mata hasken rana a kan kwanon ɗaki, ya zuro igiyar ta taga, ya ce fitilar ta zauna a ɗaki kusa da gado, ba sai an riƙa fitar da ita ba. Na ce Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa. Kayan ta'aziyya wa ke juya shi yana duba gindinsa? Na shimfiɗa mata ƙyalle a kan akwati na ɗora ta kamar amarya.

To, akwai abin da muke ɓoyewa a ɗakin nan. Dangin Mahbub sun ɗauka ciwon shawara ne ya kashe shi. Ni da Naja'atu kaɗai muka san cutar ƙanjamau ce. A hanya ya kwaso ta, ya kawo wa matarsa. An gwada Zinnira, ba ta da komai. Naja'atu tana shan magani kullum, kuma lafiyarta lau, ta fi ni ƙarfin daka. Tun da ta shiga takaba ni nake zuwa karɓo mata maganin, ba a Kabo ba inda aka san fuskarmu, sai Gwarzo. In na dawo in tura kwalbar cikin ledar garin kuka.

Kada wani ya ce min ban yi hankali ba. Duk ranar da za mu yi maganar, sai na tura Zinnira maƙwabta, na sakaya ƙofa, na kai wayar madafa na kife ta da ƙwarya, tunda Badaru ya riga ya tsorata ni da waya. Abu ɗaya ne ya riƙa damuna, ƙaramar rediyon Mahbub da muke jin karatu da ita. Sau ɗaya ko sau biyu a wuni sai ta kama wata ƙara, tit-tit-tirrr, irin wadda take yi in za a kira waya a kusa. In duba wayar, ba mai kira. Sai in daka wa rediyon duka in ce batir ne ya yi sanyi.

Wata Asabar bayan azahar, muna kwana talatin da 'yan kai da rasuwa, na kunna rediyon don kada na bayan katanga su ji mu. Rediyon na fara magana sai ga ƙarar nan. Na yi tsaki na kashe ta, ɗaki ya yi tsit.

Naja'atu ta ce, "Gwaggo, maganin nan saura na kwana tara. In kin je Gwarzo ki tambayar min likitan, mai ƙanjamau irina za ta iya azumin Litinin da Alhamis? Ina so in riƙa yi ina roƙa wa Mahbub gafara."

Na ce, "Shi ya kwaso ya zuba miki, ke ce kuma za ki yi masa azumi?"

"Na yafe masa, Gwaggo. Kuka ya yi a gabana ya roƙe ni kada Innarsa ta sani. Na yi masa alkawari, kuma ba zan saɓa ba."

Ranar sadakar arba'in tsakar gida ta cika da mata. An yi gumba an yi waina, Hajiya Marka na zaune a kan darduma da Zinnira a cinyarta. Sai ga Badaru ya yi sallama ya shigo cikin mata, ya durƙusa gaban uwarsa, ya ce a gafarce shi, akwai abin da ya hana shi barci, gara kowa ya ji da kunnensa. Ya ajiye wayarsa a kan darduma ya danna.

Muryar Naja'atu ce ta fito, tas, har da kukan zakaranmu a baya. Maganin nan saura na kwana tara. Mai ƙanjamau irina za ta iya azumi. Daga nan ya kashe.

Matan da ke cin waina kwano ɗaya da ita suka janye hannu. Wata ta tashi ta je madafa tana cuɗa yatsunta da toka. Hajiya Marka ta rungume Zinnira ta dubi Naja'atu.

"Ashe ke kika kashe min ɗa. Wata biyar ina kallonki kina ba shi kunu."

Na miƙe, zanina na kwancewa. Na ce, "Badaru, kunna sauran. Akwai saura, kunna mana mu ji."

Ya sunkuyar da kai. "Iyakar abin da aka turo min ke nan, Gwaggo."

Na juya wurin Naja'atu na ce ta buɗe baki ta faɗa musu gaskiya. Ta kalli surukarta, tsohuwar da ke kuka, sai ta mayar da kanta ƙasa. Wallahi na ji haushinta a lokacin fiye da na Badaru. Na faɗa da bakina, na ce ɗanku ne ya kawo ta gidan nan. Mata suka yi min caa, wai ina yi wa mamaci ƙazafi a ranar arba'in ɗinsa, ba ya nan balle ya kare kansa.

Badaru ya ce ba za a bar jinin Yaya a hannun mai ciwo ba. Ko kayan yarinyar ba su tsaya ɗauka ba. Ya ta da mashin a ƙofar gida, Hajiya Marka ta hau baya, aka sa Zinnira a tsakiya. Ita murna ma take yi za ta hau mashin, tana ɗaga wa uwarta hannu. Naja'atu ta biyo su ba takalmi har zaure. Mata uku suka riƙe ta suna cewa mai takaba ba ta fita. Malamai sun ce in lalura ta kama tana iya fita, amma je ka gaya wa matan garin nan haka. Ta tsaya a dokin ƙofa har ƙarar mashin ta ɓace.

Dalilin bai ɗauki mako bai fito ba. Mahbub ya bar gonar fadama, rabinta na Zinnira ne, kuma wanda ke riƙe da marainiya shi ke noma rabonta. Kafin Juma'a ta zagayo Badaru ya zuba 'yan ƙwadago a ciki.

Ni kuwa na bi na zargi kowa. Na yi wa maƙwabciyarmu tas a kan katanga, baiwar Allah ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Ranar Litinin da na je Gwarzo karɓar magani na tafi da wayar Naja'atu wurin Hammadu mai gyaran waya, mutumin Madadi ne, na san uwarsa. Ya buɗe ya duba, ya ce ba komai a cikinta. Ya tambaye ni wane sabon abu ne ya shiga ɗakin. Ina ba shi labarin ƙarar rediyo sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce gobe in zo masa da fitilar.

Washegari na kai masa ita, ya kwance ƙusa huɗu. A bayan batirin akwai wani ɗan allo kore da layin waya maƙale a jikinsa, da wani baƙin abu kamar ƙwayar wake.

"Inna, wannan baƙin shi ne kunnen. In aka kira layin nan ba ya ƙara, ɗauka kawai yake yi, mai kira ya ji duk abin da ake faɗa a ɗakin, in ya so ya naɗa. Da hannu aka dasa shi, ga dalmar nan sabuwa. Rediyonki ba ta lalace ba, gaya miki take yi."

Ya zare layin ya ɗora min a tafin hannu. Ban san lokacin da na kai shi baki ba. Na gantsare shi biyu da haƙori na tofar a kwatar da ke gaban shagon. Hammadu ya dafe kai.

"Inna, da kin ajiye. Da sunan mutum ake rajistar layi, shaida ce gaban alƙali."

Na sa hannu cikin kwatar har gwiwar hannu ina lalube, mutane na kallona. Ruwa ya riga ya tafi da shi.

Na dawo Garo da fitilar a ƙunshe, niyyata in sa ta a turmi in daka. Na tarar da Naja'atu a bakin gado tana ninke rigunan Zinnira. Na gaya mata abin da aka gani a ciki da yadda yake aiki. Maganar kwata ce kawai na kasa faɗa. Ta kalli ƙunshin.

"Gwaggo, in Badaru ya kira, ana jin ɗakin nan a can Kabo?"

"Ana ji."

"Zinnira tana son wasa da wayarsa. Kullum ya zo sai ta ɗauka tana dannawa."

Ta karɓe fitilar daga hannuna, ta goge ta da bakin zaninta, ta mayar da ita kan akwati, ta jona igiyar. Ta jawo rediyon ta ajiye a gefenta.

Tun daga ranar rediyon ba ta mutuwa a ɗakin nan. Ƙasa-ƙasa take kunna ta, ta zauna tana jiran ƙarar. In ta gaji da jira sai ta matsa ta yi wa fitilar magana hakanan. Zinnira, kin ci abinci? Ki ce a tsefe miki kai, kada a bari ya cukurkuɗe. Kada ki je bakin rijiya. Na ce mu kai ƙara, shari'a ta ba uwa riƙon 'yarta. Ta ce sai ta fita takaba, kuma ko a can ba za ta ambaci ciwon Mahbub ba.

Yau saura kwana goma sha ɗaya ta fita. Jiya da hantsi rediyon ta yi ƙarar, tit-tit-tirrr. Naja'atu ta saki tsintsiya ta zube a gaban akwatin tana magana da sauri, tana kiran sunan 'yarta, tana cewa Badaru don Allah ka miƙa mata ko sau ɗaya. Na duba wayarta da ke caji a gefe, saƙon talla ne na kamfani ya shigo. Na kife wayar na fita tsakar gida na ci gaba da tankaɗe. Har yanzu ban gaya mata babu komai a cikin fitilar ba.