Raƙumi a Ƙofar Gidan Sallau

Daren jiya wani mafarki na yi. Na gan ni a wani gari inda shafukan intanet gidajen ƙasa ne, kowanne da zaurensa. Gidan Sallau ya fi kowanne tsayi. Sallau dai da muka koyi ɗinki tare, wanda ko zare sai na zura masa a allura. Yanzu shi ke koyar da yankan riga a bidiyo, zabbi dubu tamanin na biye da shi, kowace da waya a ƙarƙashin fiffike.

A ƙofar zauren wani raƙumi ya durƙusa yana tallar almakashi. Kowane gida da raƙuminsa, kuma dokar garin ita ce sai ka saurare shi daƙiƙa biyar kafin ka shiga. Duk wanda ya saurara, ƙwayar gero ɗaya za ta tashi daga ƙasa ta faɗa rumbun Sallau, wanda ke rataye a sararin sama.

Na ɗaga kai na dubi rumbun. Har ya yi tumbi.

Na zaga ta baya na haura katanga, na koyi yankan wuyan rigar da na zo nema, tsaf. Almakashin ma ya burge ni. Da na ji in an saya ta hannun raƙumin, Sallau na samun la'ada, sai na tafi wata kasuwa na sayo irinsa, har ya fi tsada.

Sai ga ni gaban alƙali, wata bushiya mai tabarau, zaune a kan keken ɗinki.

"Ka yi sata?"

"Ranki ya daɗe, idona ne, lokacina ne. Raƙuman nan data suke cinyewa, wasu har gida suke bin mutum."

"Gaskiyarka," in ji ta. "Gida nawa ka haura yau?"

"Ɗaya."

"Sauran fa?"

"Na tsaya na saurara."

Ta cire tabarau ta dube ni.

Sallau ya shigo yana tafiya da baya, ya rungume ni. "Ilu! Ashe kana kallona? Wallahi duk yankan nan a hannunka na fara gani." Ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa mini. Na juya cikinta waje, ina neman inda ɗinkin ya karkace. Na bi wuya, na bi aljihu, na sake komawa wuya. Babu.

Ina cikin haka injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Na farka da bakin zanin gado a hannuna, ina bin ɗinkinsa da farce.