Shamuwar Katako a Berlin

…har wannan mai jar hular ma bai amsa ba. Ka ce wa mutum sannu, ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa. Gesine, kina gani? Garin da 'yarki ta zaɓa ke nan.

Onno yana tsaye a bakin babbar tashar jirgin ƙasa ta Berlin, shamuwar katako a kafaɗarsa, tsawonta ya kusa nasa, jan bakinta yana nuna sama. Tsohon manomi ne daga can arewa, inda ƙasa take shimfiɗe har bakin teku, kuma bai taɓa taka garin da ya fi na kasuwar shanunsu girma ba. Da matarsa yake magana a zuci. Ta rasu bara, amma wannan bai hana shi kai mata ƙara ba. Wa kuma zai kai wa?

'Yarsu Frauke ta haihu. Mace. Yau da yamma za a sallamo ta daga asibiti, kuma dole ta tarar da shamuwa tsaye a ƙofar gida, da igiyar shanya ɗauke da kayan jariri. Haka ake yi. Haka aka yi ranar da aka haife shi, haka aka yi wa Frauke, kuma da wannan tsuntsuwar dai da kakansa ya sassaƙa. Mai jego ba ta shiga gida shamuwa ba ta tsaya ba. A waya Frauke ta ce kada ya wahalar da kansa, a nan ba a yi. Ba a yi... To, ba a haihuwa ne a nan?

Matakala mai tafiya da kanta. Wa ya aike ta? Ƙafafuna na me? Ya hau, ya tsaya inda ya ga wuri, sai tsaki a bayansa, sai kafaɗa, wai gefen hagu na masu sauri ne. Saurin zuwa ina, tun da abin yana tafiya da ku? Bakin shamuwa ya ɗauke wa wata mata mayafin wuya, yana ba ta haƙuri tana surfa masa magana, bai gama ba ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinsa, saura kaɗan ya kifa —

— ki riƙe mini ƙafarta, Gesine, fentin bai bushe ba. Tana dariya a bayan rumbu, cikinta ya yi gaba, tana cewa ya yi wa tsuntsuwar baki kamar hancinsa ranar sanyi. Jan fenti a yatsunta. Sai da ta yi sati bai fita ba...

Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma. Mutane da hankalinsu, suna bin rami kamar ɓeraye. Warin giyar jiya da jiƙaƙƙen kare. Ba wanda ya matsa masa. Kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, sai wani mai ɗan kunne a hanci ya ɗaga tasa yana ɗaukarsa hoto, ko izini babu. Ɗauka, ɗan nan, ɗauka ka kai wa uwarka. Da a ƙauye ne, da tuni an tambaye shi, namiji ne ko mace? Da tuni wani ya zaro kwalba daga aljihu an yi wa jaririya barka. A nan mutum ya shigo da shamuwa cikin jirgi, ba wanda ya ce ta wa ce. Abin nan ya fi komai ba shi haushi. Gara ma a yi masa dariya.

Ya fito. Ƙararrawa, ƙararrawa, zagi. Wai jan layin nan da aka shimfiɗa a gefen titi na masu keke ne. To ku rubuta mana! Keke ya gogi shamuwa a fiffike, farin fenti ya ɓamɓare, katakon ƙasa ya fito. Yana shafa wurin da babban yatsa. Ba komai, tsohuwa, kin ga abin da ya fi wannan. Kin tsaya cikin ruwan sama ranar da aka kawo Frauke, maƙwabta duk sun jiƙe, Gesine tana leƙowa ta tagar mota da jaririya a ƙirji, abin da ta fara nema da ido ke nan, kafin ma ta neme ni...

Gwiwar nan kuma ta fara.

Ga gidan. Wannan ne gida? Bene a kan bene a kan bene, tagogi duk iri ɗaya, su Frauke suna can kusa da gajimare. Ya danna ƙararrawa, shiru. Surukinsa Jannik yana asibiti, wayarsa ba ta shiga. Onno ya sauke jaka, ya fito da guduma da turken ƙarfe, ya duba inda zai kafa. Siminti. Ya matsa — siminti. Kwalta, dutse, siminti. Gesine, garin nan ba shi da ƙasa. Sun binne ta. A kan me suke tsaye? In sun mutu a ina ake sa su?

Sai ɗan fili a gindin wata bishiya, faɗin tire, cike da guntayen taba da kashin kare. A nan jikarsa za ta fara ganin... to, ya za a yi. Ya durƙusa, gwiwa tana kuka, ya buga sau ɗaya, sai ga mai kula da gidan ya fito da tarin makullai a ƙugu. Wai bishiyar ta hukumar gari ce, ba a kafa komai. A jikin bango? An hana. A ƙofa? Hanyar 'yan kwana-kwana ce. Onno ya ce masa jika aka yi masa. Mutumin ya ce madalla, amma doka doka ce, ya koma ciki ya ja ƙofa.

Doka... Jaririya kwana nawa a duniya, har ta taka doka.

Ga fitsari ya matse shi tun daga cikin rami. A gida sai ka zaga bayan shinge, shanu ne kaɗai shaida. A nan fa? Ba zai shiga shagon mutane da tsuntsuwa a kafaɗa ba, ya gaji da ba da haƙuri. Yana dubawa, sai ya ga abin da ya fara sanyaya masa rai tun safe: a gefen ƙofar an ajiye wata kujera mai kyau, da kwali cike da kofuna da littattafai, har da fitilar tebur. Ba mai gadi. Mutane suna wucewa, ba wanda ya kula. Ka ga? Ashe akwai amana a garin. Ba su iya gaisuwa ba, amma ba ɓarayi ba ne, Gesine, kamar gida, inda ake barin keke a bakin hanya sai gobe. Ya jingina shamuwa a bango kusa da kujerar, ya gyara mata tsayuwa, ya rataya jakarsa.

Shagon farko, ba na baƙi ba ne. Na biyu, sai wanda ya sayi abu. Ya sayi shayi — wannan ne shayi? Ruwan zafi a kofin takarda, da wata 'yar jaka tana iyo a ciki, ba madara, ba dunƙulen sukari. Da kin gani da kin yi kuka. Ke da kike kan gadon asibiti kina saƙa safa ƙanana kamar na 'yar tsana, Frauke ko ciki ba ta da shi a lokacin. Ka ajiye, Onno, za a buƙata. Ka rataya su da kanka, kada ka bar wa kowa. Na ce to. Me zan ce in ba to ba?

Ya dawo. Kwali yana nan. Kujera ba ta nan. Shamuwa ma.

Bango.

Bangon ne kawai, da ɗan farin fenti da fiffikenta ya goga. Ba wannan ƙofar ba ce? Ita ce. Ga bishiyar, ga ramin turkensa. Matar da ke shagon jaridu na kusa tana tsaye tana busa taba.

"Tsuntsuwar nan? Wata yarinya da saurayinta suka ɗauka. Har tsalle take yi don murna. Ai duk abin da aka ajiye a bakin ƙofa kyauta ne, Baba, wanda ya so ya ɗauka. Ba kai ka fitar ba?"

Kyauta.

Ina suka bi? Ta ɗaga kafaɗa, ta nuna da taba, can, ko can. Ya ja ƙafa har kwanar titi. Tituna sun rabu ta ko'ina, motoci, kekuna, kawuna, kawuna... jan baki fa? Jan baki mai tsawo, ai ba ya ɓuya. Babu. Ba ma sata suka yi ba, Gesine, abin takaicin ke nan. Wa zan kai ƙara? Da hannuna na ajiye ta a layin tsofaffin kofuna. Ta tsallake yaƙi, ta tsallake gobarar rumbu, ta kwana a ruwa da ƙanƙara, yini ɗaya a Berlin na ba da ita don fitsari.

Yanzu tana ɗakin wasu, an rataya mata hula a ka.

Ya koma ƙofar. Hannunsa ne yake aiki, ba shi ba. Ya zaro igiya, ya ɗaure baki ɗaya a jikin sandar fitilar titi. A zo a hana. 'Yar riga, hula, safa, safa. Ɗaya bakin a wuyan shamuwa ake ɗaure shi. Ya juya da shi a hannu, ya nemi ƙusa, ƙugiya, komai... siminti. Sai ya ja igiyar ta miƙe, ya ɗaga hannu, ya tsaya. In ya saki, saƙar Gesine za ta faɗa cikin ƙazantar nan.

Kafaɗa tana zogi. Gwiwa ta ƙi ɗaukarsa, yana sauya ƙafa. Masu wucewa suna sunkuyawa ta ƙarƙashin igiyar, ba wanda ya tambaya.

Tasi ta tsaya. Jannik ya fito yana zagayawa. Taga ta sauka, ga Frauke, fuska a kumbure, ƙunshin farin bargo a ƙirji. Ita da ta ce a nan ba a yi. Idonta ya wuce ta kansa, ya tafi ƙofa, ya tafi gindin bishiya, ya hau bango, ya dawo — irin kallon nan, Gesine, naki ne sak, kafin ma ta neme ni...

"Baba... ina take?"

Ya ƙara damƙe igiyar. Safa suna rawa a kanta, kuma ba zai iya saki ba.