Barci a Gindin Taya

Wasila ta leƙa bayan rumbu, ta leƙa wajen awaki, ta ɗaga labulen ɗakin surukarta ko sallama babu. Ba Mansura. Yarinyar da ko shekara uku ba ta cika ba, wadda ɗazun nan take zaune gefen turmi tana gwaguyar rogo, ta ɓace ɓat.

"Inna, ba ki ga Mansura ba?"

Inna Maimuna ta ɗago daga tsintar wake. "Ke da ɗiyarki, ni kike tambaya? Ai wannan yarinya ƙafarta ba ta zama. Duba gidan Shafa'atu."

Ta duba gidan maƙwabciyar, ba ta can. Ta ruga bakin rijiya, ta tarar da murfin a rufe. Sai hankalinta ya koma kan abin da take gudun tunawa, wato titi. Gidansu a bakin hanya yake a Bilbis, masu motocin nan kuwa in sun miƙa Tsafe ba ruwansu da mutum, sai dai ka ji fuuu, sun wuce. Ta zura hijabi a baibai ta fito.

A ƙofar gida wata babbar mota ce tsaye tun hantsi, ana lodin masarar Alhaji Shehu, dillalin hatsi, za a kai Gusau. An gama, an ɗaure tamfol, 'yan dako sun koma gindin bishiyar bedi suna fifita da huluna. Wasila ko kallon motar ba ta yi ba. Ta tsaya bakin kwalta tana duban gabas da yamma, tana ƙwala kiran 'yarta.

Alhaji Shehu kuwa tuni ya haye gaban mota, sai faɗa yake yi.

"Direba, don Allah mu tafi! La'asar ta kawo kai. Ka san hanyar nan ba a yin yamma a kanta."

Direban wani siririn dattijo ne mai furfura a gemu. Ya taka matakala, ya kama ƙofa, sai kuma ya sauko.

"To, kuma mi ne ne?" in ji Alhaji.

"Bari in zagaya ta."

"Yau na ga ikon Allah! Mota ce ko gona, da sai an zagaya?"

"A ƙauye ba na tada mota ban leƙa ƙarƙashinta ba, Alhaji. Awaki na son inuwa."

'Yan dako suka yi dariya. Dattijon bai kula su ba. Ya bi gefen motar a hankali, ya sunkuya a gaba, ya sunkuya a tsakiya. Da ya kai tayoyin baya, sai Wasila ta ji salati da ƙarfi. Ta waiwayo ta gan shi kwance rubda ciki, yana jan jiki zuwa ƙarƙashin motar. Can ya fito da baya-baya, rungume da wani abu mai jar riga.

"Ɗiyar wa ce wagga?"

Wasila ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Mansura ce, barcinta take yi hankali kwance, kumatunta duk ƙasa, guntun rogon na nan a hannunta. Wasila ta karɓe ta tana shafa kai, tana shafa ƙafafu, ko ƙwarzane babu. Yarinyar ta farka ta ɓare baki, ita haushinta an tashe ta.

Nan Wasila ta durƙusa a gaban maza, kunya ta gudu. "Baba, Allah ya biya ka. Allah ya jiƙan magabatanka. Allah ya raba ka da mugun ji da mugun gani."

Alhaji Shehu ya sauko ya leƙa. Ga shatin jikin yarinyar nan a ƙasa, daidai bakin taya. Ya cire hula ya riƙe, ya ce, "Da ka ji maganata..."

Shi kansa direban zama ya yi daɓas a ƙasa. Inna Maimuna ta kawo masa ruwa, ya sha.

"Ki bar gode mini, ɗiyata," ya ce wa Wasila. "Ni da ke duka Allah ya rufa wa asiri. Da na taka ta, da ni da tuƙi har abada. Kuma kada ki buge ta. Rana ta dame ta, ta ga inuwa."

Da ya samu natsuwa ya sake zagaya motar, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ya ja ta a hankali ya hau titi. Wasila ta ɗaure Mansura a baya tamau, ta bi motar da kallo har ta ɓace.

"Mi ne ne sunansa?" in ji Inna Maimuna. "Mu sa liman ya yi masa addu'a ran Juma'a."

Wasila ma ba ta sani ba. Ta tambayi 'yan dako, suka ce su dai Direba suke kiransa, yau suka fara ganinsa.

Da ta idar da sallar la'asar, Mansura na kan cinyarta, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ya Allah, dattijon nan. Kai ka san sunansa."