Kofin Ruwa a Motar Auta

Shekara ashirin da biyu ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane ina gyaran ƙafar mota, wato su sifirin da shokazoba, amma ranar da Autanmu ya tashi taɓa ƙafar motarsa, sai ya wuce ƙofar garejina ya kai ta wurin masu yi wa mota kwalliya. Suka yanke mata sifirin har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, suka sa mata manyan wili masu walƙiya, da taya siririya kamar bel ɗin wando. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

"Yaya, kai aikinka na tsofaffi ne," in ji shi. "Dubi yadda ta zauna."

Ta zauna kam. A kwalta mai kyau in ya sha kwana ko karkatawa ba ta yi, wannan na yarda. Sai dai daga babban titi zuwa gidan Inna, mahaifiyarmu, akwai tudun rage gudu uku da gargada a tsakaninsu. A gicciye yake hawa kowane tudu, salansar motar na gurzar ƙasa, shi kuwa gogan yana ta murmushi kamar bai ji ba.

Ana nan aka yi wa Inna aiki a baya. Likita ya ce jibi za a sallame ta, amma kada motar da za ta kai ta gida ta jijjiga ta, ɗinkin bai gama kamawa ba. Tawa motar ta ɗaukar kaya ce. Inna kuma ta kafe, ita motar Autanta za ta shiga.

Washegari da safe sai ga shi a gareji yana sosa ƙeya.

"Yaya, ko za ka ɗan duba mini ita?"

Na cika kofi da ruwa, na bar faɗin yatsa ɗaya daga baki. Na zaunar da shi a kujerar baya, na ɗora masa katako a cinya, na aza kofin a kai. Haka maigidan da ya koya mini aiki yake gwada ƙafar mota, don shi bai yarda da bakin mai mota ba. Na ja mu a hankali zuwa layin gidan Inna. Kafin mu sauka tudu na biyu, rabin ruwan yana wandon Auta.

"Wannan ruwan bayan Inna ne," na ce.

Murmushin nan ya ɗauke.

Allah ya taimake mu Auta bai zubar da tsofaffin wilin ba, suna ɗakin ajiyar Inna an ɗora musu tabarmi. Muka kwaso su. Na nuna masa kaurin tayar, na ce iskar da ke cikinta ita ke fara shanye duka kafin ya kai ga sifirin. Na mayar da tsofaffin wilin, na sa sifirin cikakku. Shokazoba ɗaya, cikin masu hana mota tsalle, ta riga ta zubar da man cikinta saboda wahala, na ce zan canza duka huɗun.

"Sa masu laushin ƙarshe, Yaya."

"In na sa su za ta riƙa lilo kamar kwalekwale. Kowace kwana Inna sai ta gangara gefe. Miƙo mini sifana."

Ya miƙo. Ranar ya sha baƙin mai har gwiwar hannu. Na yi mata saitin ƙafa, don tayoyin gayun sun cinye ta ciki. Gwajin farko bayan gyara ruwa ya fantsalo, na rage iskar taya kaɗan. A na uku muka je muka dawo, katakon a bushe.

Ranar sallama Auta ne ya tuƙa, ina gefensa. Inna tana baya an tokare ta da matasai, ta damƙe hannun ƙofa, tsoro ƙarara a fuskarta.

"In mun zo tudun nan ku gaya mini in cije," ta ce, ta rufe ido.

Ba wanda ya gaya mata. Ina jin motar tana haɗiye gargadar a ƙarƙashina, tudu ya zo ta hau ta sauka ba ko ƙara. Na san aikin hannuna ne, kuma na ji daɗinsa har cikin raina. Auta ya taka birki a hankali, ya kashe mota.

Inna ta buɗe ido. "Me ya sa muka tsaya? Mun zo tudun ne?"

"Inna, ƙofar gidanki ce wannan," in ji Auta.

Ta leƙa ta ga ƙofarta, ta waiga ta dubi layin da muka baro. "Ashe an gyara hanyar ina kwance."

Auta ya dubi baƙin man da ya ƙi fita daga farcensa.

"Hanya tana nan yadda kika bar ta, Inna," ya ce. "Yaya ne."