Shamuwar Buhun Siminti

Zazzaɓi ya kama Tanimu bayan azahar, ranar da za a fita zanga-zanga. Kwana huɗu ya yi yana ɗinka wata ƙatuwar shamuwa da buhunan siminti da kara, saboda wani ɗan takara ya rantse in ya ci zaɓe, duk wanda ba shi da takardar haihuwa zai koma inda ya fito. Matasan unguwa suka ce to, a fara da shamuwa, ita da ke shigowa kowace damina ba biza. Tanimu ya yi dariya tare da su, sai daga baya ya tuna Innarsa, Tsahara. A goye aka tsallako iyaka da ita, ko ƙyallen takarda ba ta da shi. In aka ga fuskarsa a ƙarƙashin tsuntsun nan, gidansu za a fara zuwa.

Ya kwanta a zaure yana rawar ɗari, idonsa a kan bakin shamuwar. Bakin ya buɗe.

"Hau," in ji ta. "Kai ka ɗinka ni, ai ka ga inda zan faɗi."

Suka tashi, buhunan na ƙara kamar ana yaga zane. Can ƙasa ya hangi wani farin layi na toka yana jan ciki kamar maciji. Layin iyaka ne, ya ratsa kasuwa, ya raba rijiya biyu, guga a nan, ruwa a can.

Suka sauka a filin zaɓe. A kan tebur akwai wani hatimi mai ƙafa ɗaya, yana tsalle shi kaɗai. Buhun gero ya matso.

"Daga ina?" in ji hatimi.

"Daga arewa."

Dum! "Koma."

Hadari ne a bayansa, ya matse ruwansa kamar mai jin fitsari. Aka ce ya kawo takarda. Ya lalube aljihu, bai samu komai ba sai walƙiya. Dum! Ya juya da ruwansa.

Jama'a suka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta liƙa wa akuyarta hoto a goshi, tana cewa ga shaida nan, a Kano aka haife ta, a bar ta ta jefa ƙuri'a. Duk wanda ya yi dariya, sai layin tokar ya ja da baya taku guda.

"Saura kai," in ji shamuwa.

Tanimu ya buɗe baki zai yi dariya, garin siminti ne ya zubo, ba sauti. Layin ya ji shirunsa. Ya ɗaga kai, ya juya, ya kama hanyar gidansu. Tanimu na gudu, ƙafarsa na nutsewa, layin na gaba. Ta ƙarƙashin ƙofa layin ya shiga, ya tarar da Inna a bakin murhu, ya bi ta tsakiyar goshinta ya sauka. Rabinta a nan, rabinta a can.

Hatimi ya iso yana haki. "Wane rabin zai zauna?"

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tanimu, tambaye shi. Hannun da ke tuƙa tuwo yake so, ko wanda ke riƙe tukunya?"

Hatimin ya yi sama, inuwarsa ta rufe tsakar gida.

"Ɗinkina na kwancewa," in ji shamuwa. "Ko ka riƙe ni, ko ka riƙe ta."

Ya miƙa hannu biyu, bai kai ko ɗaya ba.

Dum!

Ganga ce a waje. Tanimu ya farka jiƙe da gumi, la'asar ta yi. Shamuwa ba ta nan, sai igiyarta a ƙasa. Ɗakin Inna a buɗe, babu kowa. Ya fito ba takalmi, ya tarar da Sallau mai faci a ƙofar gida.

"Baba Sallau, sun zo? Sun tafi da ita?"

"Su wa? Ai ita ta tafi da su. Ta ce kar wanda ya tashe ka. Ta yi gammo, ta ɗora tsuntsunka a ka kamar ɗaurin itace, matasa suka bi bayanta."

Can bakin titi dariya ta tashi, mai yawa. Ta cikin dariyar, jiniya ta fara kuka. Tanimu ya ruga.