Tocilar da Ba ta Mutu a Rijiya ba

Kwana uku ke nan da aka ciro Maigandi, mai yasar rijiya, daga tsohuwar rijiyar da ke bayan Ƙofar Taramniya, kuma har yanzu bai buɗe ido ba. Abin ya faru ranar wata Talata da hantsi, a watan Afrilun 1976. Mutumin da ya sa shi shiga, Malam Barnabas ne, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare.

A shekarar aka jibge wa makarantar kaya da kuɗin man fetur, ciki har da madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani. Barnabas ya karanta cewa a ƙarƙashin teku akwai ruwan da iskar numfashi ta ƙare a cikinsa, amma cike yake da ƙananan halittu iri-iri. Bai taɓa ganin teku ba. Abin da ya sani shi ne rijiyar nan, wadda aka daina sha tun zuwan famfo, ruwanta baƙi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gwamnatin soja ta ce a cike ta kafin ƙarshen wata. Kwalba ɗaya yake so daga taɓon ƙasanta.

Masu yasa suna da ƙa'ida: ba a shiga sai an zura fitila da igiya. In ta mutu, a koma gida. Ran nan ba kananzir, Mode yayan Maigandi ya tafi nema, ga Barnabas yana da aji ƙarfe goma sha ɗaya.

"Ga tocila sabuwa," in ji shi. "Ta fi fitilarku haske."

Maigandi ya juya ta a hannu, ya yi dariya. "Malam, kai da kaka sayen kayan Turawa, mi zai sa mu tsaya jiran Mode? Hala har unguwar Mabera ya tai neman kananzir ɗin."

Ya ɗaura ta, ya zura har ta kusa taɓa ruwa. Suka leƙa. Tana ci.

"Ka gani? Rijiya ta yarda," in ji Maigandi.

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya rataya kwalba a wuya, ya yi bisimilla, ya sauka. Barnabas ya ji shi yana tsokana daga ciki, wai in 'yan ƙwarin sun cije shi malam zai biya magani. Ya ji ƙarar ruwa na shiga kwalba. Daga nan shiru.

"Maigandi?"

Igiyar ta yi nauyi. A lokacin ne Barnabas ya tuna darasin da yake koya wa 'yan aji ɗaya kowace shekara: a kifa kofi a kan kyandir, wutar ta mutu. Ba don haske ake zura fitila ba. Tocila kuwa ba ta numfashi. Ya kama igiyar ya fara ja.

Mode ne ya iso da gudu, suka ja tare. Bayan an ɗauki Maigandi zuwa asibiti, Mode ya kunna fitilarsa ya zura. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya dubi tocilar, ya dubi Barnabas.

Tun ranar Barnabas ke zama a barandar asibiti. Duk takalmin da ya ji yana tahowa sai ya ɗaga kai. Jiya Kulu, matar Maigandi, ta tsaya a gabansa.

"Malam, shekara ashirin shina wanga aiki, bai taɓa shiga ba hitila ba. Wa ya ce mishi shi shiga?"

"Ni ne," in ji shi. Ba ta ƙara kallonsa ba.

Yau da safe ya ɗiga ruwan kwalbar da aka ciro a wuyan Maigandi a ƙarƙashin madubi. Ga halittu nan, wasu kamar zare, wasu kamar tsakuwa, wasu na murɗawa suna wucewa. Ya ƙirga iri bakwai, ya kasa ci gaba. Kwana uku kwalbar na toshe, kuma dukansu da rai.

Likita ya ce Maigandi yana numfashi da kansa. Ko zai farka, ya ce bai sani ba.